Filin Tambayoyin Masu Karatu: Wa Ke Da Ruwan Kwara?

Wasiƙun da suka taru a wannan wata yawancinsu daga mutanen bakin gulbi suka fito, tun daga Argungu har Yawuri, kuma ko da yake kowa da abin da ya dame shi, duk maganarsu ta komo kan ruwan da ke ratsa iyakokin ƙasashe. Na zaɓi guda biyar, na kuma taƙaita gaisuwar da ke cikinsu saboda ƙarancin fili, ina fatan masu su za su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Suru. A daminar 2020 ruwa ya shanye mini gona gaba ɗaya a daidai lokacin da shinkafa ta fara fitar da kai, ko buhu ɗaya ban ɗauka ba, ga bashin taki a wuyana. A kasuwa wasu suna cewa Kamaru ce ta buɗe dam ɗinta, wasu kuma suna cewa Nijar ce. Wace ƙasa ce take sako mana wannan ruwa, kuma babu dokar da za ta tilasta mata ta sanar da mu kafin ta sako?
(Daga wani manomi, Suru)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Bari mu fara da wanke Kamaru, domin an daɗe ana ɗora mata laifin da ba nata ba a wannan yanki namu. Madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, a kan kogin Binuwai take, kuma ruwan da ta saki ta Yola da Makurɗi yake bi, ba ya haɗuwa da Kwara, wato kogin Neja, sai a Lakwaja, ɗaruruwan kilomitoci ƙasa da mu. Mutumin Adamawa ko Kogi yana da hujjar yin kuka da Lagdo, amma ruwanta ba zai hau tudu ya ƙetare Jebba da Kainji ya zo Suru ba. Ita kuwa Nijar, ba ta da wata babbar madatsa da ta kammala a kan Kwara a 2020, balle a ce ta buɗe ƙofofinta.

Domin a gane inda ruwan ya fito, sai a san cewa Kwara sau biyu take cika a shekara. Kogin yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,200 ta Mali da Nijar da gefen Benin, ya shigo Najeriya ta jiharmu ta Kebbi. Ruwan da aka yi a Gini a watan Agusta da Satumba ba ya iso mana a damina, saboda idan ya shiga tsakiyar Mali, tsakanin Mofti da Tumbutu, sai ya bazu cikin wata makekiyar fadama, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, rana ta shanye kimanin kashi 40 cikin 100 nasa, laka kuma ta kwanta. Saurarsa ce take iso mana garau a cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma ita masana suke kira baƙar ambaliya. Wadda ta cinye gonarka ita ce ɗaya, ta watan Agusta da Satumba, mai jan ƙasa da laka, wadda ruwan sama na kusa yake haifarwa. Koguna irin su Sirba da Gorowol suna kwaso shi daga Burkina Faso, Mekru da Alibori da Sota suna kwaso shi daga Benin, duk su zuba a Kwara kafin ta iso Lolo. A Satumbar 2020 tsayin ruwan a Yamai ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba a can kafin wannan lokaci.

Ga kuma rabon da ya fito daga gida, wanda ba a cika son ambatonsa ba. Fadamar Suru a kan gulbin Rima take, kuma Rima tana ɗauke da ruwan Katsina da Zamfara da Sakkwato, har da abin da madatsun Goronyo da Bakolori suka saki idan sun cika. Idan Kwara ta batse a daidai lokacin da Rima ta kawo nata, sai Rima ta rasa inda za ta juye, ruwan ya tsaya, ya koma baya ya kwanta a kan fadamun Suru da Bunza da Bagudo na tsawon kwanaki. Shinkafa tana jure nutsewar kwana biyu ko uku, amma ba ta jure ta mako biyu. Rahotannin wancan lokaci sun ambaci kimanin hekta 450,000 na shinkafa da ruwa ya rufe a jihar Kebbi.

Batun doka kuwa, akwai ta. Ƙasashe 9 da suka haɗa kogin, wato Gini, Kwaddibuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Najeriya, Kamaru da Cadi, suna da hukuma guda mai hedikwata a Yamai. An kafa ta a 1964 a matsayin kwamitin kogin Neja, aka sake mata fasali a garin Farana na ƙasar Gini a 1980 ta zama Hukumar Kwarin Kogin Neja, sannan a 2008 shugabannin ƙasashen suka sa hannu a kan kundin ruwa wanda ya wajabta musayar bayanai da sanar da juna. Haka kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ƙasashe suka haɗa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010 kuma ta fara aiki a 2014, ta ce duk ƙasar da ta ga haɗari ya taso daga yankinta, kamar ambaliya, wajibi ne ta sanar da maƙwabta ba tare da jinkiri ba. A aikace ma ana yi, domin tashoshin auna ruwa na Yamai da na Malanbil a ƙasar Benin suna aika alƙaluma, kuma hukumar kula da bayanan ruwa ta Najeriya tana da tata tashar a Jidere Bode. Ruwan da aka gani ya tashi a Yamai sai ya yi kwanaki kafin ya iso mana.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ofis da fadama. Sanarwa tana ƙetare iyakar ƙasa biyu cikin minti guda ta waya, amma ta kasa ƙetare tazarar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Suru, ko kuma ta iso da Turanci a ce "jihohi kaza suna cikin haɗari", wanda bai gaya wa manomi komai ba. Abin da kuke da haƙƙin nema, ta bakin ƙungiyarku ta manoman shinkafa da hakimanku, shi ne a riƙa karanta ma'aunin Yamai da na Jidere Bode da jadawalin sakin ruwan Goronyo da Bakolori a rediyo da Hausa kullum daga Yuli zuwa Oktoba, kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Diyya daga wata ƙasa kuwa, kada wani ya yaudare ka, babu kotun da za ta ci tarar wata ƙasa saboda ruwan sama ya sauka a cikinta.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon malamin firamare ne, kuma ina yaro aka tayar da danginmu daga tsibiri lokacin da tafkin Kainji ya cika. Tun muna samari muke jin cewa akwai alkawari tsakaninmu da Nijar, mu ba su lantarki, su kuma kada su datse Kwara. Yanzu ga shi an ce suna gina dam a Kandaji. Shin sun karya alkawari ne? Kuma idan sun gama, Kainji za ta ƙafe?
(Daga wani dattijo, Yawuri)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da kuka ji yana da tushe. Layin wutar da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai tun shekarun 1970 yake aiki, kuma jami'an wutar lantarkin Najeriya sun sha bayyana cewa hikimar sayar wa Nijar wuta ita ce kada ta ga buƙatar datse kogin a samanmu. Sai dai ba za a ce Kandaji an yi ta a bayan idonmu ba. A taron shugabannin hukumar kogin na 2008 a Yamai, wanda Najeriya take ciki, an amince da shirin ayyuka da ya ƙunshi manyan madatsu uku, Fomi a Gini, Tausa a Mali, da Kandaji a Nijar, kuma a watan Agustan wannan shekara Shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashin Kandaji a jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 sama da Yamai. Aikin ya yi ta tsayawa yana tashi. An soke kwangilar kamfanin farko na Rasha a 2013, wani kamfanin Sin ya karɓa a 2019, juyin mulkin 2023 kuma ya sake kawo cikas wajen kuɗi.

Ya kamata mu yi wa maƙwabtanmu adalci wajen fahimtar dalilinsu. A watan Yunin 1985 Kwara ta daina gudu a Yamai, babban birnin ƙasa guda ya wayi gari kogin da yake sha ya yanke. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yarda a ce masa ya zauna ba tare da rumbun ruwa ba. An tsara Kandaji ta ba da megawat 130, ta shayar da kimanin hekta 45,000, ta kuma riƙe kogin yana gudu a bazara.

Kainji ba za ta ƙafe saboda Kandaji ba. Tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, yana ɗaukar kimanin kyubik mita biliyan 15, Kandaji kuwa kimanin biliyan ɗaya da rabi za ta ɗauka, wato kashi ɗaya bisa goma. Ban da haka, ruwan da ya juya injin lantarki ba ya ɓacewa, fitowa yake ya ci gaba da tafiya. Mai shan ruwa na gaske shi ne noman rani, sai kuma rana da ke busar da fuskar tafki. Saboda haka abin lura shi ne jimillar duka ayyukan idan an haɗa su, wato madatsun nan uku da faɗaɗa gonakin shinkafa da rake da Mali take shayarwa daga madatsar Markala tun 1947. Duk waɗannan daga baƙar ambaliya za su ɗiba, ita kuwa ita ce take riƙe da injinan Kainji da Jebba a rani, ita ce kuma take ba masu noman rani na Bagudo da Shanga da Yawuri ruwan da injinansu ke zuƙa. A ɗaya ɓangaren, madatsar da ake sakin ruwanta bisa tsari tana iya ƙara mana ruwa a Afrilu da Mayu, lokacin da yashi ke fitowa jirage suna kafewa. Ke nan alheri ko sharrin Kandaji a gare mu ya dogara ne ga abubuwa biyu da ake rubutawa a takarda, wato cikin shekara nawa za a cika ta, kuma ruwa nawa za a bari ya ƙetare iyaka a kowane wata.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi hukunci a kan ƙoramun Mahzur da Muzainib na Madina cewa na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Malaman Malikiyya sun sanya sharaɗin cewa na sama yana samun wannan fifiko ne idan shi ya riga raya ƙasarsa. Dokar ƙasa da ƙasa ta yau ma tsakanin waɗannan biyu take kai da komo, ta ce kowa ya amfana gwargwadon adalci, ta kuma ce kada wani ya jawo wa ɗan'uwansa babbar cutarwa. Nijar za ta riƙe ta farko ta ce ita ce a sama kuma tana da ƙishi, mu kuma mu riƙe ta biyu mu ce Kainji ta riga Kandaji da shekaru fiye da 50. Yarjejeniyar 1997 ba ta ba kowa ikon hana maƙwabcinsa gini ba, abin da ta ba shi shi ne a sanar da shi da cikakkun bayanai, a ba shi wata 6 ya yi nazari, sannan a zauna.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba. Da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazum a 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta cikin takunkuman ECOWAS, alhali kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga wurinmu yake zuwa, kuma ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumin a farkon 2024. Ko me mutum yake gani game da juyin mulkin, wannan mataki ya koya wa kowane ɗan Nijar cewa wutar da ta ƙetaro iyaka ana iya kashe ta da rana tsaka, kuma duk gwamnatin da za ta zo a Yamai, ta soja ko ta farar hula, za ta ɗauki Kandaji a matsayin maganar 'yancin kai. Mun raunana hujjarmu da hannunmu.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma a yammacin Afirka aka gwada ta. Mali da Sanagal da Muritaniya sun kafa hukumar kogin Sanagal a 1972, Gini ta shigo a 2006. Madatsun Diyama da Manantali da suka gina a shekarun 1980 mallakarsu ce tare, bashin ginin tare suke biya, wutar Manantali kuma an raba ta a rubuce, Mali kashi 52, Sanagal 33, Muritaniya 15. Har a 1989, lokacin da Sanagal da Muritaniya suka yi rikicin da aka zubar da jini aka yanke hulɗar jakadanci, hukumar ba ta rushe ba, domin babu mai ƙona rumbun da hatsinsa ke ciki. Kishiyar wannan ita ce ta kogin Nilu, inda Masar da Sudan suka raba ruwan tsakaninsu a 1959 ba tare da Habasha ba, alhali daga tsaunukanta mafi yawansa yake fitowa. Habasha ta fara tata madatsar a 2011, ta buɗe ta a Satumbar 2025, har yau kuma babu yarjejeniyar da ta ɗaure ɓangarorin uku.

TAMBAYA: Malam, an koya mana cewa Tafkin Cadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, kuma za a jawo masa ruwa daga Kwango. Yaushe za a fara?
(Daga wani ɗalibi, Aliero)

AMSA: Ɗana, kada ka sa rana. Gaskiya ne tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na wannan. Amma tafki ne marar zurfi mai kumbura da motsewa gwargwadon damina, kuma tun daga wancan lokaci ya sha farfaɗowa, har ambaliya yake yi a shekarun ruwa. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwansa kogunan Shari da Lagon ne suke kawowa daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da kudancin Cadi, rabon Komadugu Yobe kaɗan ne. Hukumar tafkin, wadda Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa a 22 ga Mayun 1964, ta karɓi shawarar haƙa magudana mai tsawon kimanin kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango a taron Abuja na Fabrairun 2018. Kuɗin da ake ambata ya kai dala biliyan 50, sannan ruwan da za a ɗebo na wasu ne, kuma 'yan siyasar Kinshasa da dama sun fito fili sun ce ba su yarda ba. Ba a haƙa ko taku ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata. Iyayenmu suna cewa a da Matan Fada, gulbinmu na nan Argungu, ba ta ja baya kamar yanzu, kuma giwan ruwa ya fi yawa. Ɗalibaina sun tambaye ni ko gulbinmu ma yana cikin kogunan da ake rabawa da wasu ƙasashe, ko kuwa namu ne mu kaɗai. Me zan ce musu?
(Daga wata malama, Argungu)

AMSA: Malama, ki ce musu wani ɓangare na ruwan da ake wasan kamun kifi a cikinsa sai da ya je Nijar ya dawo. Gulbin Gada yana tasowa a jihar Katsina, ya ƙetara arewa ya ratsa Maraɗi, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sannan ya karkato ya sake shigowa Najeriya ya zuba a Rima. Wato a kan gulbi guda, mu ne a sama da farko, sannan mu koma a ƙasa. Haka Magiya take gangarowa daga Adar ta shigo ta gabashin Sakkwato. Saboda irin waɗannan ne ƙasashen biyu, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwarsu da aka kafa a 1971, suka sa hannu a kan yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, wadda ta ambaci kwaruruka huɗu da suka haɗa su: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El-Fadama, da kuma ƙarshen Komadugu Yobe.

Ina so ki nuna wa yaran wannan taswira da kyau, domin tana maganin son kai. Mu da muke ɗaga murya a kan Kandaji, mu ne muka gina madatsar Jibiya a kan Gada a ƙarshen shekarun 1980, kuma manoman Madarunfa da Maraɗi sun daɗe suna kokawa cewa ruwan da ke kwanciya a fadamarsu ya ragu. Duk hujjar da za mu kai Yamai game da Kwara, za a iya juyo mana da ita game da Gada, kuma wakilin da ya je teburin bai shirya wa wannan ba zai sha kunya.

Game da jan bayan Matan Fada kuwa, gaskiya mafi yawan dalilin na cikin gida ne. An kammala Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, Goronyo kuma a kan Rima a 1984, kuma aikin kowace madatsa shi ne ta rage tsayin ambaliyar damina. Ambaliyar nan kuwa ita ce take kai kifi cikin ciyawar fadama ya yi ƙwai, ita take cika tafkuna, ita take jiƙa ƙasar da ake shuka shinkafar gargajiya. Binciken da aka yi bayan Bakolori ya nuna cewa ƙauyukan da ke ƙasa da ita sun yi asarar dubban hektoci na shinkafa da na noman rani. A ƙara da farin shekarun 1970 da 1980, da yashin da sare itatuwa ke turowa cikin gulbi, da tarun da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya dogara ne ga shawarar da ake yankewa a Zamfara da Sakkwato, kuma abin mamaki shi ne tsakanin ƙasashe akwai rubutaccen kundin rabon ruwa, amma manomin Argungu ba shi da wata takarda a hannunsa da ta faɗi rabonsa daga Goronyo. Idan kina da sauran lokaci a darasin, ki gaya musu cewa har ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatsenmu ke zuƙa na tarayya ne, domin shimfiɗar Ilummeden da ke ƙarƙashin Kebbi da Sakkwato ta miƙe har Nijar da Mali.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu Sarkawa ne, kakanninmu suna bin kifi har Gawo ba wanda ya tambaye su takarda. Yanzu idan muka haura sama kaɗan da kwale-kwale sai masu kaki na tsallake su tare mu, su ce mun shiga ruwansu. Bara an karɓe mini kalli biyu da mamari. Ina iyaka take a cikin ruwa, tunda ba a kafa dutse a kansa?
(Daga wani masunci, Lolo)

AMSA: Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, Allah ya mayar da abin da aka rasa. Wurin da kuke zaune wuri ne mai wuyar sha'ani, domin kaɗan sama da ku ne iyakokin Najeriya da Nijar da Benin suka haɗu a cikin kogin. Daga nan zuwa ƙasa gaɓa biyun duk na Najeriya ne. Daga nan zuwa sama kuwa, har bakin Mekru, tafiyar kimanin kilomita 150, gaɓar Gaya ta Nijar ce, gaɓar Malanbil ta Benin ce, kuma iyakar tana bin hanyar jirgi mafi zurfi. Wannan ba ra'ayin kowa ba ne, hukuncin Kotun Duniya ne na 12 ga Yulin 2005. Ƙasashen biyu sun yi shekaru fiye da 40 suna jayayya a kan tsibirin Lete, inda Fulani makiyaya daga ɓangaren Nijar da manoma daga ɓangaren Benin suka sha gwabzawa, daga baya suka kai ƙara tare. Kotun ta bi ma'aunin zurfin kogin, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Ta kuma faɗi wata magana da ta shafi irinku, cewa rabon tsibiran tsakanin gwamnatoci bai shafe haƙƙin da mutane suke da shi a kansu ba.

Irin wannan ta faru da masuntanmu a Tafkin Cadi. Da ruwa ya ja baya sai suka bi shi suka kafa garuruwa irin su Darak, hukuncin kotun na 2002 ya ce ƙasar ta Kamaru ce, aka miƙa ta a ƙarshen 2003, mutanen da yawa kuma suka ci gaba da zama a matsayin baƙi a garin da suka sara da hannunsu.

Abin da ya kamata ku bambance shi ne wucewa da kamun kifi. Wucewa da jirgi a kan Kwara haƙƙi ne da ƙasashen kogin suka amince wa juna tun yarjejeniyar Yamai ta 1963, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, domin hukumar kogin da yarjejeniyarta daban suke. Jefa kalli kuwa yana ƙarƙashin dokar ƙasar da ruwan yake, da lasisinta, da girman idon ragar da ta halatta. A nan ne haɗin kan ya fi rauni, domin kifin guda ne amma dokokin uku ne. Idan an hana kamun kifi a gaɓa ɗaya lokacin da kifi ke ƙwai alhali ana yi a ɗaya gaɓar, wanda ya bi doka shi ne ya yi asara, kuma kun fi ni sanin yadda gura, tarkon kifin nan wadda masuntan Mali suka zo da ita, take tare bakin ƙorama ta kwashe babba da yaro idan an jera ta ba ƙa'ida.

Kafin gwamnatoci su daidaita dokokinsu, ga abin da ke hannunku. Kada ku haura ku kaɗai. Ku bi ta hannun Sarkin Ruwanku ya aika wa takwaransa na inda za ku, kamar yadda kakanninku suke yi, domin su ma ba sa jefa taru a ruwan wani gari sai sun gai da mai shi. Ku yanki lasisin ƙasar a ofishin kula da kamun kifi na Gaya ko na Malanbil, ku riƙe shi a cikin leda tare da katin shaidarku. Idan an karɓe muku kaya, ku nemi a rubuta muku takardar abin da aka karɓa da sunan wurin da ranar, sannan ku kai kwafinta ga hakimi da shugaban ƙaramar hukumar Bagudo, domin hukumomin iyaka na ɓangarorin suna zama lokaci zuwa lokaci, kuma ƙarar da ke da takarda ce kaɗai ake iya ɗorawa a kan tebur. Kallinka biyu na bara, idan babu takarda, da wuya su dawo.